Sony WH-1000XM5 a tafiyar awa 14: gwani ne wajen kashe rugugin inji, amma ba abokin barci ba ne

Gajiyar da fasinja ke sauka da ita bayan doguwar tafiya a jirgin sama ba ta zaman kujera kaɗai ba ce. Akwai rugugin da ke somawa tun tayoyi ba su bar ƙasa ba, kuma ba ya yankewa sai an kashe inji. A yawancin jiragen fasinja, idan jirgi ya daidaita a sama, ƙarar da ke ciki tana kaiwa desibel 75 zuwa 85, ya danganta da irin jirgin da inda kujerarka take. Kujerun da ke bayan fiffike sun fi na gaban inji shan ƙara, na jikin taga kuma sun ɗan fi na tsakiya. Bayan awa guda kunne yakan saba, mutum ya zaci ya daina ji, alhali jiki yana nan yana ɗauka. Wanda ya dogara da ɗan abin kunnen da ake rabawa a jirgi kuwa, sai ya ƙure murya kafin ya gane abin da ake faɗa a fim. Ga shi Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar sauraron da ba ya cutar da kunnen babba a desibel 80 na tsawon awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokacin gida biyu.

Saboda wannan ake sayen hedifon mai kashe ƙara, kuma WH-1000XM5 na kamfanin Sony, wanda ya fito a watan Mayun 2022, yana cikin waɗanda aka fi gani a kan matafiya. Hukuncinmu a kansa shi ne: a sa'o'in da kake ido biyu, kana kallo ko karatu ko sauraro, yana cikin mafi kyau da za a samu. A sa'o'in da kake neman barci, da kuma wajen zama a jakar hannu, yana da matsalolin da tallarsa ba ta faɗa.

Sanin yadda kashe ƙarar ke aiki shi zai hana mutum sa ran abin da ba zai samu ba. Makirfo yana ɗaukar ƙarar waje, na'urar da ke ciki ta ƙirƙiri kishiyarta, sifika ta sake ta a kunne, biyun su haɗu su soke juna. Dabarar tana cin nasara ne a kan ƙara mai kauri wadda ba ta sauyawa, wato wadda ke ƙasa da hatz 1,000, kuma rugugin inji da hucin iska a jikin jirgi a nan suke. Ba mamaki, domin a jirgi tunanin yin irin wannan hedifon ya zo wa Amar Bose, wanda ya kafa kamfanin kayan sauti na Bose: a 1978 ya soma lissafinsa yana cikin jirgi daga Zurich, bayan ƙarar inji ta hana shi jin daɗin abin sauraron da aka ba shi. Amma sauti siriri mai zuwa ba zato, kamar kukan jariri, ƙarar cokali a faranti ko dariyar maƙwabci, na'urar ba ta iya riskarsa a kan lokaci. Abin da ke rage shi katifar kunnen ce kawai. Har ma wani lokaci kukan yaro yakan fi fitowa fili bayan an ɗauke rugugin da ke lulluɓe shi. Wanda ya sayi hedifon ɗin don kada ya ji jariri, ya sayi abin da ba a sayar masa ba.

A nasa fagen dai, XM5 ba shi da abin zargi. Makirfo 8 gare shi, huɗu a kowane ɓari, da na'urorin sarrafa sauti guda biyu. Da ka kunna shi, rugugin nan mai girgiza ƙirji sai ya koma ɗan huci daga nesa, kuma ya fi wanda ya gada, wato XM4, iya rage muryoyin mutane. Amfanin da ya fi kowanne shi ne za ka iya jin fim ko karatu da murya ƙasa ƙasa, kashi 30 ko 40 cikin 100 na ƙarfin waya, maimakon ƙurewa. Yana kuma auna matsin iskar da ke cikin jirgi ya daidaita kansa, abin da ke da muhimmanci tunda cikin jirgi tamkar kana kan tudu ne mai tsawon mita 1,800 zuwa 2,400. Sai dai a nan akwai abin haushi: a XM4 kai ne ke danna maɓalli ya auna, ya tsaya a haka, a XM5 shi ke yanke wa kansa hukunci ko da yaushe, ba ka da hanyar hana shi. Idan ka juya kai ko ka jingina, wani lokaci za ka ji ƙarfin kashe ƙarar ya ɗan sauka na wasu daƙiƙoƙi sannan ya dawo. Da rana ba wanda zai damu. Ga mai gyangyaɗi kuwa, wannan sauyin ya isa ya farkar da shi.

Nauyinsa giram 250 ne, ba nauyi a kai. Matsalar tana ga madaurin sama, wanda siriri ne, don haka nauyin yana taruwa a wuri guda a tsakar kai. Mutane da yawa sukan fara jin zafin wurin bayan awa 3 ko 4. Maganinsa shi ne a ɗan zame madaurin gaba ko baya lokaci lokaci, a kuma rage tsawon hannayen kaɗan yadda katifun kunne za su ɗauki wani kaso na nauyin. Katifun fatar roba ce mai laushi, tana rufewa da kyau amma tana tara zufa, kuma raminta ba shi da zurfi, mai manyan kunnuwa zai ji suna taɓa ciki. Cire shi na minti 5 a duk awa 2 yana magance yawancin wannan.

Rufewar katifar ita ce komai. Ƙafar tabarau mai kauri, gefen hula, mayafi ko tarin gashi, duk abin da ya shiga tsakanin katifa da fata yana buɗe kafa, rugugin ya kutso ta nan, sautin ganga kuma ya zube. Mai tabarau ya ɗaga ƙafafunsa su hau saman katifar, ko ya nemi mai siririyar ƙafa don tafiya.

Kafin a shiga jirgi akwai saituna huɗu da ya kamata a gyara a manhajar Sony, wadda a da ake kira Headphones Connect, yanzu kuma Sound Connect. A yi shi tun a ƙasa, domin wani lokaci manhajar takan nemi sabuntawa, kuma babu mai son fama da haka a sama. Na farko a kashe Speak-to-Chat. An yi shi ne don ya tsayar da sauti ya buɗe kunne idan ka yi magana, amma tari ko gyaran murya ma yakan tayar da shi, sai kawai ka ji rugugin jirgi ya faɗo maka gaba ɗaya. Na biyu a kashe Adaptive Sound Control, wanda ke sauya yanayin kashe ƙara bisa hasashen ko kana zaune ko kana tafiya. Na uku, idan za ka yi barci, a kashe allon taɓawa da ke ɓarin dama, don kafaɗa ko matashi suna iya tsallake waƙa ko ƙara murya. Na huɗu a duba saitin mutuwa da kansa: hedifon ɗin yana da na'urar da ke gane ko yana kai, idan ya zame ta ɗauka an cire shi, sai ya tsayar da sauti, bayan minti 15 ya mutu. A mayar da shi kan kada ya mutu. Abu ɗaya da za ka rasa idan ka kashe allon taɓawa shi ne dabarar dafa tafin hannu a ɓarin dama don jin mai magana, wadda ke da amfani idan ma'aikaciyar jirgi ta zo tambayar abin da za ka ci. Maɓallin da ke ɓarin hagu yana yin kusan wannan aikin, ka saba da shi.

A wajen barci ne gizo ke saƙar. Hedifon mai rufe kunne an yi shi ne don kai a miƙe. Ka jingina da taga, ɓarin da ya taɓa bango zai ɗauko girgizar jirgin ya kawo ta ƙashin kai kai tsaye, abin da ba na'urar da za ta soke. Ka danna shi a jikin fiffiken matashin kujera, makirfon waje ya toshe, wani lokaci har ya yi ɗan fito ko gurnani. Matashin wuya mai siffar kofaton doki shi ma yana turo kofunan sama daga ƙasa, rufewar ta lalace. Wanda ke iya barci a zaune kai tsaye, fuska na kallon gaba, zai ji daɗinsa. Irin waɗannan mutane ba su da yawa.

Abin da ya fi aiki a lokacin barci shi ne soson toshe kunne, wanda kuɗinsa bai kai a ambata ba. Mafi kyawunsa an rubuta yana rage desibel 32 ko 33, amma sai an sa shi daidai, kuma yawancin mutane ba sa yi. A murza shi da yatsu har ya zama siriri ba tare da ya naɗe ba, a zagayo da ɗaya hannun ta bayan kai a ja kunnen sama da baya don ramin ya miƙe, a tura soson ciki, a riƙe shi da yatsa daƙiƙa 20 zuwa 30 har ya kumbura. Idan ana hango rabinsa daga gaba, bai shiga ba. Soso ya fi hedifon tare sauti siriri, hedifon ya fi soso tare mai kauri, shi ya sa haɗa su biyun ke ba da shiru mafi zurfi da za a samu a jirgi. Idan barci ya zo sosai sai a cire hedifon a bar soson. Kada a rataye shi a wuya a yi barci, haɓa tana danne hannayensa.

Maganar hannayen ta kawo mu ga babban koma bayan wannan samfuri. XM4 yana naɗewa ya dunƙule. XM5 ba ya naɗewa, kofunan juyawa kawai suke su kwanta. Saboda haka gidansa faffaɗa ne, yana cin wuri a jakar da ake turawa ƙarƙashin kujera, kuma da wuya ya shiga aljihun bayan kujera. Sai mutum ya ji kamar ya bar gidan a baya ya jefa hedifon ɗin tsirara cikin jaka. Kada a yi. Wurin da kofi ya haɗu da hannu siriri ne, kuma a nan ne masu amfani da shi suka fi kokawa da karyewa. Sony da kansa ya dawo da naɗewar a XM6 da ya fitar a watan Mayun 2025, wanda ya isa shaida.

Batirinsa yana kai awa 30 da kashe ƙara a kunne, kuma wannan adadi na gaskiya ne idan murya tana matsakaici. Tafiya mafi tsawo da ake yi yanzu ba tsayawa, tsakanin Singafo da New York, tana ɗaukar wajen awa 18 zuwa 19, don haka caji ɗaya ya ishe ta har da zaman jira a filin jirgi. Kunna LDAC, wato yanayin sauti mai inganci na Bluetooth, yana rage awannin, kuma a cikin jirgi kunne ba zai bambance ba, a bar shi a kashe. Cikakken caji awa 3 da rabi ne. Cajin minti 3 yana ba da awa 3, amma sai da caja mai USB-PD, wato mai saurin caji. Ramin USB na jikin kujera yawanci ba shi da wannan ƙarfin. Abin lura kuma, XM5 ba ya aiki yana kan caji, idan ya mutu a tsakiyar tafiya sai ka jure rugugin na ɗan lokaci. Kada kuma a dogara da fawa banki. Doka ta jima tana cewa a jakar hannu ake ɗaukar sa, ba a cikin kayan da ake aunawa ba, kuma wanda yawan wutar da yake ajiyewa ya wuce Wh 100 sai da izinin kamfanin jirgin (mai mAh 20,000 yana wajen Wh 74). Amma tun bayan gobarar da ta cinye jirgin Air Busan a Koriya ta Kudu a watan Janairun 2025, wadda bincike ya karkata ga fawa banki, kamfanoni da dama sun hana amfani da shi a cikin jirgi ɗungurungum. Singapore Airlines ya fara daga Afrilun 2025, Emirates daga Oktoba. A cika batir tun daren tafiya.

Allon kallo na bayan kujera shi ma yana da nasa sha'ani. Yawancinsu har yanzu ba su da Bluetooth, sai da igiya. A kwalin XM5 akwai igiyar sauti mai tsawon mita 1.2 da bakin milimita 3.5, amma babu adaftan nan mai baki biyu da tsofaffin jirage ke buƙata, alhali XM4 yana zuwa da shi. A saya daban, a ajiye a aljihun cikin gidan hedifon. In babu shi, sautin zai fito a kunne ɗaya ne kawai. Idan aka jona igiya a tabbata hedifon ɗin a kunne yake. Yana fitar da sauti ko a kashe, amma babu kashe ƙara, sautin kuma ya dushe. Allon taɓawa ba ya aiki da igiya, daga allon kujera ake sarrafa murya. A sauke muryar ƙasa kafin a jona, domin an saita waɗannan alluna ne don abin kunne mara ƙarfi, kuma sanarwar matuƙi takan shigo da ƙarfin da ya fi na fim nesa. Mai ƙin igiya zai iya sayen ƙaramar na'urar da ake cusawa a ramin kujera ta aika sauti ta Bluetooth, irin AirFly. Tana aiki, sai dai magana takan ɗan makara a bayan motsin leɓe, ga ta ƙarin abin caji, kuma ita ce abin da aka fi mantawa a jikin kujera.

Wasu suna zaton hedifon yana kare kunne daga toshewar da ake ji wajen sauka. Ba ya yi. Wannan ciwon daga bambancin matsin iska ne tsakanin waje da bayan dodon kunne, kuma ba abin da ke warware shi sai buɗewar siririyar hanyar da ta haɗa kunne da maƙogwaro. Jirgi yakan fara gangarowa kimanin minti 30 kafin sauka. A farka a lokacin, a riƙa haɗiyar yawu, a yi hamma, ko a toshe hanci a rufe baki a hura a hankali. Mai mura ya fi kowa shan wahala. Akwai kuma waɗanda kashe ƙarar kansa ke sa su jin kamar ana tsotsar kunnensu, wasu har da ɗan jiri. Ba matsi ba ne na gaske, ƙwaƙwalwa ce ke fassara ɓacewar sauti mai kauri haka, amma ga mai jin sa ba daɗi. A gwada hedifon ɗin na awa guda a gida kafin a dogara da shi a tafiyar awa 14.

Akwai haɗarin da jin daɗinsa ke jawowa: mutum ya nutse a kujera awa 6 bai motsa ba. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2007 ya nuna cewa zaman tafiya na awa 4 ko fiye yana ninka haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa, ko da yake ga mai lafiya haɗarin ƙarami ne, kusan mutum 1 cikin 6,000. Lokacin cire hedifon don kunne ya sha iska, shi ne lokacin tashi a taka zuwa bayan jirgi, a sha ruwa, tunda danshin iskar ciki bai fi kashi 10 zuwa 20 cikin 100 ba. Mai juna biyu, wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, da wanda ya taɓa samun daskarewar jini, su nemi shawarar likita kan safar matse ƙafa mai tsayawa ƙasan gwiwa.

Shirun kansa yana da nauyi, kuma masu sharhin kayan sauti ba su cika taɓa wannan ba. Ba kowa ke doguwar tafiya don hutu ba. Wani daga jinya yake, wani za shi ta'aziyya, wani aiki ne ya ƙare yana komawa, wani kuma shekara ce ta yi masa tsanani daga farkonta har ƙarshe, sai a kujerar jirgi ya fara samun zama. An kashe fitilu, babu kiran waya, hedifon kuma ya ɗauke ƙarar da ke ɗan shagaltar da hankali: duk abin da aka danne sai ya taso. Ga rashin barci, ga iskar oksijin a jini ta ɗan sauka daga kashi 97 ko 98 zuwa wajen 92 ko 93, ƙaramin abu sai ya yi girma. Ga mai irin wannan hali, kunna kashe ƙara ba tare da komai na tafiya a kunne ba shi ne mafi munin amfani da na'urar. A sauke abin sauraro mai tsawo tun a ƙasa, mai murya ɗaya a natse, karatu ko darasi ko littafin da aka karanta, ba jerin waƙoƙin da ke tsalle daga wannan zuwa wancan ba, waɗanda ba ka san wacce za ta fama maka ciwo ba. Idan ana son waiwayar shekarar, a yi shi da biro da takarda a farkon tafiya, fitilu na kunne, ciki da abinci, a ba shi minti 20 ko 30 a rufe. Saƙon da aka rubuta a awa ta 11 kuwa, ko da jirgin yana da intanet, a bar shi sai an sauka an yi barci kafin a aika.

To, wa ya kamata ya saya? Wanda hedifon ɗin zai yi masa aiki a ofis da gida, tafiya kuma jefi jefi, XM5 zai gamsar da shi, musamman da makirfonsa na kiran waya ya fi na XM4 nesa ba kusa ba. Wanda tafiya ce dalilin sayensa, XM4 na 2020 ya fi dacewa da jakarsa: giram 254, awa 30, yana naɗewa, da adaftansa, ya fi araha, bambancin kashe rugugin inji tsakaninsu kuma bai taka kara ya karya ba. Mai halin ƙarawa ya dubi XM6, wanda ke naɗewa kuma ana iya sauraro yana kan caji, ko Bose QuietComfort Ultra na 2023, wanda batirinsa awa 24 ne amma raminsa ya fi zurfi, madaurinsa ya fi faɗi. Wanda kuma ya san a kan gefe yake barci, kansa a jikin taga, ƙananan na cikin kunne masu kashe ƙara sun fi masa, da sharaɗin ya san batirinsu awa 6 zuwa 8 ne, sai sun koma gidansu sun yi caji sau ɗaya ko biyu kafin a sauka, kuma guda yakan faɗo ya shige ƙarƙashin kujera. Idan hakan ta faru a kira ma'aikatan jirgi, kada a motsa kujerar, domin ƙarfenta na iya matse batirin ya kama wuta.